Motar da Muka Sauke Daidai Gadon Hajiya

Har gobe ban manta da ranar da Laminu ya shigo garejina riƙe da karan gero ba. Ranar kasuwar Tanut ce, bayan girbi, wuri ya cika da motocin ƙauye. Ku da kuka zo koyon aiki daga baya kun tarar yana gaishe ni kamar ubansa, amma ba ku san mafarin abin ba.

Mu nan Damargu aikinmu ɗaga mota ne. Wanda duk ya sayi kat-kat, motar shiga daji, kafin ya sa mata lamba ya kawo mana ita mu ƙara mata lam a baya, wato faifan ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota, mu sa dogon resor, wato sifirin, a gaba, don kada cikinta ya riƙa sharar rairayi. Tun ina apranti mai wanke ƙarafa har na zama mai gareji, abin da na sani ke nan. Motar Laminu ma ni na ɗaga ta da hannuna, don fataucin dabbobi yake yi, kullum yana hanyar Belbeji da kwarin Tarka.

Sai ga shi ya ce, "Patron, so nake a sauke ta."

Na ajiye sifana na dube shi. Na ce, "Kai ma ka shiga sahun yaran Damagaram masu jan cikin mota a kwalta? Da girmanka da gemunka? Ka je ka maƙale a rairayi a ce Issufu ne ya yi aikin? Nemi wani."

Bukar, babban bakanikena da muka tsufa tare, ya ce daga ƙarƙashin wata mota, "Ƙyale shi, Patron, wataƙila sabuwar amarya ce ba ta da tsawo." Aka kwashe da dariya. Laminu bai yi ba. Ya ja ni gefe bayan tayoyi, ya sauke murya.

Ashe mahaifiyarsa ce, Hajiya Gambo, ɓarin jikinta ya shanye tun da damina. Ta fara samun sauƙi, tana takawa da sanda, likita ya ce lallai a riƙa kai ta gashi asibitin Damagaram, in ba haka ba ƙafar za ta sandare ke nan. To motar ta yi mata tsawo, sai an ɗauke ta cak. A gida mata maƙwabta suna taimakawa, amma a can babu kowa sai shi da matarsa, ita kuwa matar ba ta iyawa ita kaɗai. Shi ne ɗan farinta. Matar da ko sunansa ba ta taɓa faɗa ba, ko ido ba ta haɗawa da shi, ita ce zai rungume ya ɗaga a bainar jama'a? Sau ɗaya ya gwada a ƙofar asibiti. Ya ce tun daga can har Tanut fuskarta na cikin mayafi, da suka iso ta ce wa matarsa ta gama zuwa, ƙafar ta yi yadda Allah ya so.

Ya miƙo mini karan. "Wannan tsawon gadonta ne. Tana iya zama a kai da kanta, ta jawo ƙafafun. In kujerar mota ta sauko nan, za ta shiga ba mai taɓa ta."

Wallahi ni ma ɗan fari ne, na san wannan kunyar. Na jingina karan jikin motar, sai na ga kujera ta ɗara shi da fiye da taƙi ɗaya. Na gaya masa gaskiya: in aka sauke ta, akwai hanyoyin daji da ba zai ƙara bi ba, wasu kasuwannin sai dai ya shiga motar haya. Ya ce, "Kasuwa tana nan, Patron."

Don waɗanda ba su san aikin ba, sauke mota ba zare ƙarfe kawai ba ne. Mun cire lam ɗin da na ƙara da tubalan ƙarfen da ke ƙarƙashinsu, muka aika Damagaram aka kawo gajeren resor na gaba. Amortisar ma, mai shanye girgizar mota, dole a canja, domin dogo in ya zauna a gajeren wuri yana kai ƙarshe, kowane rami sai ka ji kamar an buga maka taɓarya a baya, balle mai ciwo. Tayoyi kuwa ban taɓa su ba. Bukar ya so a sa ƙanana a huta, na ƙi, saboda taya ce ke ɗaga gatarin mota daga ƙasa, in ka rage ta ka kashe motar a rairayi gaba ɗaya.

Da muka sauke ta daga jak na ɗauko kara. Saura yatsa uku. Laminu ya dafe kai. Na ce ya kwantar da hankalinsa, sabon resor sai ya ɗanɗani nauyi yake zama. Muka ari buhunan gero wajen maƙwabcina, muka loda mata, Bukar ya yi ta zagaya da ita a hanyar burji yana ƙorafin an mai da shi jakin kasuwa. Ta kwana da kayan. Washegari aka sauke buhunan, na sa kara, bakinsa ya zo daidai leɓen kujera.

Sai a sannan na yi mata paralelisim, wato daidaita tayoyin gaba su kalli hanya ɗaya. Wanda ya yi kafin resor ya zauna ya yi aikin banza. Ba mu da na'ura a nan, da zare muke yi: a ja shi daga tayar baya zuwa ta gaba, a riƙa juya sandar sitiyari har zaren ya shafi gefen taya daidai. Na daɗe a kansa fiye da kullum, don ba na son motar ta riƙa fizga da tsohuwa a ciki.

Ni na kai motar gidan da hantsi. Na yi sallama, na gaida Hajiya daga bakin zaure, na ce an gyara mota, a zo a gani. Ta daɗe kafin ta fito, tana dogara sanda, surukarta na biye. Laminu ya koma can gindin bishiyar bedi ya juya baya kamar mai duba wayarsa. Ta tsaya ta ƙare wa kujerar kallo. Ta juya a hankali, ta dafa ƙofa, ta zauna. Ta sa hannu mai lafiyar ta jawo ƙafar nan ciki, ta gyara zanenta.

Can ta ce, "Malam Issufu, sannu da aiki. Allah ya yi albarka." Sannan ta ƙara, idonta a kan gilashi, "Ka ce wa mai motar gobe a tashi da wuri, kada rana ta yi."

Mai motar yana jin ta. Ni ma sai na sunkuya ina duba tayar da babu abin da ya same ta.

Yanzu Hajiya tana zuwa suna da biki da ƙafarta, sandar ma wani lokaci a hannu take riƙe ta kawai. Na ce wa Laminu ya kawo motar in mayar masa da tsawonta, ya ce a bar ta haka, ta saba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, mutanenmu ba sa faɗin damuwarsu a tsakiyar gareji, sai an ja su gefe. Kafin ku sa sifana a jikin mota, ku tambayi wa za ta ɗauka. Karan nan da kuke gani a saye saman akwatin kayan aiki, wanda ɗayanku ya so ya hura wutar shayi da shi, shi ne. Kada wanda ya ƙara taɓa mini shi.