Birnin Tsundum da Garkar Surukina

A shekarun da makarantu suka fi zama a rufe, ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a wata kwaleji a Maradi. Na ce ina koyarwa ne don haka takarda ta ce. An gama babban taron ƙasa, dimokuraɗiyya ta iso, kuma abin da muka fara ƙwarewa a kai shi ne yajin aiki. In malamai sun koma, ɗalibai su fita. In ɗalibai sun huce, mu kuma mu fusata. Alli ya daɗe a aljihuna har matata ta wanke shi tare da rigar.

Mu huɗu ne muke zaman fada a ƙofar shagon wani tela a Sabon Gari: ni, da telan, da malamin lissafi na makarantarmu, da wani majo, wato babban ma'aikacin ɗakin shan magani, wanda yake zuwa daga Tsibiri a kan wata mobilet, ƙaramin babur mai yawan tari. Da can kati muke bugawa muna shan shayi lafiya lau. Da jam'iyyu suka fito, kowa ya kama tasa, sai katin ya koma filin yaƙi. Ranar da tela ya ƙi zuba wa majo shayi saboda launin hularsa, malamin lissafi ya ce in ba a canza wasa ba fadar nan ta mutu.

Ya ce a inda ya yi karatu a ƙasar waje ya ga ɗalibai suna wani wasa. Mutum ɗaya ya ƙago duniya da bakinsa, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikinta ya zama shi. In za ka yi abu mai haɗari sai a jefa ƙwayar lido, ita za ta ce ka ci ko ka faɗi.

"Wannan ai tatsuniya ce ta ƙattai masu gemu," in ji tela.

"Tatsuniya ce, amma da ƙwaya," in ji malamin lissafi. "Saboda haka kimiyya ce."

Tun da ni ne malamin tarihi, aka ɗora mini ƙago duniyar. Na ɗauko sabon kaye, wato littafin rubutu, mai shafi ɗari, na yi kwana uku ina aikin da ban taɓa yi wa darasin aji irinsa ba. Na rubuta labarin wani tsohon birni a cikin kwarin Gulbi, mai jar ganuwa da ƙofofi uku. Mutanensa marina ne, shuninsu ya kai har ruwan kogi yakan koma baƙi-baƙi in ya wuce ta gefen garin. Suna da wata babbar ƙofar ruwa mai makulli ɗaya, ita ke tare ambaliya. Sarki da waziri suka yi faɗa a kan wanda zai riƙe makullin. Damina ta faɗi, ruwa ya taso, sai aka kira taro. Kwana bakwai aka yi ana zaɓen wanda zai shugabanci taron. Da ruwa ya kai gwiwa aka kafa kwamitin da zai bincika ko da gaske ruwa ne. Da ya kai ƙugu aka fitar da sanarwa mai zafi ana Allah wadai da shi. Da ya kai wuya ƴan adawa suka fice daga zauren cikin fushi, da iyo. Daga nan birnin ya nutse gaba ɗaya, kuma ƙarar da ya yi ita ta zama sunansa: Tsundum.

Na rubuta cewa mutanen ba su mutu ba, suna can ƙasa har yanzu, taron bai tashi ba. Wani tsohon kada ne yake gadin ƙofa, ba ya cin kowa, takardu kawai yake tambaya. A tsakiyar fada kuma akwai turmin zinariya, wanda in ka daka shi babu komai sai ya cika da gero. Shi ƴan wasa za su je nema.

Tela ya zaɓi ya zama ɓarawo, ya ce ya daɗe yana son ya ji yadda abin yake. Majo ya ce ya tambayi ragowar yadin mutane da ke ƙarƙashin teburinsa. Shi majo boka ya zama, ya riƙa ba kifaye magani sau uku a rana bayan cin abinci. Malamin lissafi ya zama jarumi, amma kafin ya kai sara sai ya tsaya ya auna yiwuwar nasara, don haka shi ake fara kashewa kullum. Mun yi makonni muna wannan daga hantsi zuwa la'asar, babu wanda ya ƙara ambaton jam'iyya.

Kuskurena taswira ce. Suka ce ba za su iya bin hanya ba sai sun gani a takarda. Ni kuwa ban iya zane ba, sai na aro taswirar kwarin Gulbi ta makaranta na ɗora farar takarda na bi layi. Da aka zo wurin fada ina bukatar alamar ƙasa, kuma a duk kwarin wuri ɗaya na sani da kyau, garkar surukina a Jiratawa, inda yake noman albasa da ruwan kanal. Na zana giginya biyu da ke bakin garkar, na zana kukar da ke gabas da su, na buga alama a tsakiya na rubuta: a nan turmin yake.

A shagon tela muke barin kayen. Wata rana wani Alhaji, babban ɗan kasuwa mai manyan motoci da ke ƙetara iyaka, ya zo karɓar babbar rigar da zai sa a mitin, wato taron siyasa, don ya tsaya takarar depite, kujerar majalisar ƙasa. Ya ga taswirar a buɗe, ya tambaya. Tela ya karanta masa kayen daga farko har ƙarshe, da murya mai nauyi. Da na tambaye shi daga baya me ya hana shi faɗa wa Alhaji wasa ne, sai ya ce Alhaji bai tambaya ba, kuma shi ba a koya masa katse manya ba.

Washegari bayan azahar mota ta zo ta ɗauke ni. Na tarar da Alhaji a falonsa, fanka tana kaɗawa, kayena yana kan cinyarsa. Ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi, wanda rabona da shi tun kafin dimokuraɗiyya.

"Mushe," ya ce, don haka ake kiran malamin boko a wajenmu, "a wane tsohon littafi ka samo wanga labari?"

"Alhaji, ba littafi ba ne. Ni na ƙaga shi da kaina. Wasa muke da ƙwayar lido."

Ya yi murmushi, ya gyaɗa kai a hankali. "Haka ne. Ni ma in na san inda zinariya take, haka zan ce."

Na rantse masa. Na nuna masa inda na goge sunan ƙofa ta biyu na sake wani don na farkon bai yi mini daɗi ba. Ya ce wannan ya nuna ni mai bincike ne na gaske. Na ce ya duba kadan nan mai tambayar takardu, wane mai hankali ne zai yarda da shi? Ya ce shi da yake ƙetara iyaka kowane mako, wannan ne wurin da ya fi yarda da shi a duk labarin. Ya ƙara da cewa kowa ya san ruwa ya taɓa cin tsohuwar Maradi a zamanin iyayenmu har gari ya hawo tudu, to mi zai hana ya ci wani garin kafin nan? Wannan kam gaskiya ne, ni ma ina koyar da shi.

Na tashi ba tare da kayena ba.

A mitin ɗin da ya yi a Jiratawa ina tsaye can baya, na ji da kunnena. Sauran ƴan takara suna alkawarin hanya da taki, shi kuwa ya yi alkawarin birni sukutum. Ya ce masana sun tabbatar, ya nuna wajen da nake, na sunkuya kamar ina gyara takalmi. Ya ce in an tono shi Turawa za su zo kallo, matasa za su samu aiki, kuma turmin na jama'a ne, shi ajiya kawai zai yi. Makaɗa suka ɗauka nan take. Kafin magariba Tsundum ya samu kirari, abin da ni da na haife shi ban yi masa ba.

Bayan kwana biyu majo ya iso fada yana dariya har mobilet ɗinsa tana neman kayar da shi. Ya ce jam'iyyar da ke hamayya da Alhaji ta yi taro a Tsibiri, ta ce ƙarya ne, birnin a wajensu ya nutse, ƴan Jiratawa sace shi za su yi. Har an samo wani dattijo da ya ce kakansa ya ba shi labarin tun yana yaro, da ƙofofi ukun, da marina, da kada.

"Har da sunan ƙofa ta biyu ya faɗi," in ji majo.

"Wanne? Na farko ko wanda na gyara?"

"Wanda ka gyara ran Alhamis. Kakan nasa yana bin gyare-gyare."

Dariyata ta ƙare ranar da na koma gida na tarar matata ta haɗa rai. Ta ce, "Malam, an aiko daga gida. Mutanen Alhaji suna garkar Baba da shebur da diga. Ka rasa inda za ka nutsar da garinka duk faɗin ƙasar nan sai cikin albasar ubana?" Na fara yi mata bayanin giginya biyu da kuka. Ta ce in ajiye bayanin in kai wa Baba. Ni da ko ido ba na iya haɗawa da shi.

Na je dai, na tsaya daga nesa a cikin ƴan kallo. Alhaji ya sayi albasar tun tana ƙasa, aka tuge ta, ƙattai suka shiga haƙa. Masu tuwo-tuwo da masu rake suka kafa kasuwa a bakin kanal. Surukina yana zaune a kan tabarma ƙarƙashin giginya yana jan carbi. A kwana na uku aka samu fasasshiyar tukunya, aka yi kabbara. A na biyar aka samu muƙamuƙin jaki, wani ya ce na dokin waziri ne. A na takwas, da ramin ya wuce tsayin mutum uku, ruwa ya ɓulɓulo. Na ce a raina to madalla, yanzu kowa zai gane. Sai na ji wani ya ɗaga murya: "Ga ruwan da ya cinye su!" Wurin ya ɗauki sowa. Aka kawo wani masunci ya yi nutso, ya daɗe, ya fito da laka cike da hannu da kwaɗo ɗaya. Aka tambaye shi mi ya gani. Ya ce duhu. Mutane suka ce ai dole, birni ne na marina.

Zaɓe ya zo, Alhaji ya faɗi. Ya ce wa mutanensa ni na karkatar da taswirar da gangan don ina yi wa ɗaya jam'iyyar aiki. Su kuma ɗaya jam'iyyar suka daina gaishe ni don na ba Jiratawa birninsu. Ba a daɗe ba manyan ƙasa suka shiga rigimar wa ke da iko a kan wa a can babban birni, kamar sarki da wazirin Tsundum, sai aka fara tsayar da ni a kasuwa ana tambayata ko ni mai duba ne. Da sojoji suka karɓi mulki aka hana mitin, Alhaji ya ɗinka sabuwar riga ya je yi musu barka, bai ƙara ambaton turmi ba. Kayena ma bai dawo ba. Mun gwada ci gaba da wasan daga ka, amma tela ya ce shi ɓarawonsa ya yi ritaya, ya ga waɗanda suka fi shi.

Da bazara ta yi tsanani, injinan da ke turo ruwa a kanal suka tsaya, aka ce ana jiran wani ƙarfe daga waje. Garake suka bushe ɗaya bayan ɗaya. Ta surukina kaɗai ta tsaya kore shar, don ya sa an ɗaure bakin ramin da siminti ya zama rijiya. Maƙwabta suna zuwa da jarka suna gaishe shi da ladabin da ba su saba ba.

A lokacin ne na samu ƙarfin zuciyar zuwa ba shi haƙuri. Na cire takalmi tun daga bakin garka, na durƙusa nesa da tabarmarsa, na kafa ido a ƙasa. Na ce, "Baba, na zo ne a kan abin da ya faru. Wallahi wasa ne, ban yi nufin a taɓa maka shuka ba."

Ya ƙarasa jan carbinsa. Sannan ya ce, "Mushe, an ce kai ne mai zana inda garin yake."

"Ni ne, Baba. Amma babu garin."

"Na sani. Shekara arba'in ina noman wurin nan, da akwai gari da na ji motsinsu." Ya gyara zama, ya rage murya. "Ina da wata gona can kan tudu, hanyar Tsibiri, ruwa yana da nisa ƙwarai. In an sake buɗe siyasa, ka nutsar mini da wani a can. Ka sa gawo babba a gefen yamma, shi ne alamar."

Na ce in sha Allahu. Ya sa aka cika mini buhu da tumatir da barkono, na ɗaura a bayan keke, na kamo hanyar Maradi ina turawa a cikin rairayi.