Ranar da Inna Ta Je Silima

Ni dai ban taɓa ganin fim ɗin ba, gara in faɗa tun da wuri. A zamaninmu matar aure ba ta zuwa silima, sai dai a je a dawo a ba ta labari. Amma ko waɗanda suka kalle shi sau biyu ba su fi ni saninsa ba, don an yi makonni ana dafa shi ana saukewa a tsakar gidanmu.

A Jos muke zaune lokacin, 'yan shekaru kafin mulkin kai, a wani gidan haya a Jos Jarawa. Ɗakuna ne a jere, kowa da yarensa, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Mu uku ne a ɓangarenmu: ni, da maigidana, da mahaifiyarsa da muke kira Inna. Maigidan akawu ne a wani kamfanin kuza a Bukuru. Mutumin kirki ne, ban da shi ba ni da kowa a garin, amma yana da ciwo guda: duk abin da ya karanta a jaridar Turanci, to ya zauna, ko da tsakar rana aka ce masa dare ne.

Ɗakin da ke kallon namu na wani Inyamuri ne mai gyaran keke, kowa Kofur yake ce masa, don da wannan muƙamin ya baro soja. Ya je yaƙin Bama, can ƙetare gaba da Indiya, ya dawo da ɗingishi da Hausar bariki, wadda mace da namiji duk "kai" ne a cikinta. Shi da maigidana ba sa rabuwa, ba sa kuma shiri a kan komai. In ɗaya ya ce za a yi ruwa, ɗayan sai ya fito da wanki.

Akwai magana guda da ba a taɓawa a gidan. Maigidana yana da wa, wanda ni ban riske shi ba. Shi ma ya tafi Bama, sai dai shi bai dawo ba. Masinja ya zo daga ofishin gwamnati ya ce ya rasu. Inna ta tambaye shi ko ya gani da idonsa, ya ce a'a. Ta ce to ya koma ya turo wanda ya gani. Tun daga ranar ta ƙi zaman makoki, ta hana a daka gumbar sadaka, duk wanda ya zo mata ta'aziyya sai ta tashi ta shige ɗaki. Fiye da shekara goma ana haka. Na sha ganin ta ajiye abin da ke hannunta in jirgin ƙasa ya yi kuka daga tasha, ta kasa kunne har kukan ya mutu. Tana ramewa a gabanmu, mu kuwa mun rasa ta inda za mu kama. Maigidana ko addu'a zai yi wa ɗan'uwansa sai ya yi ƙasa da murya a cikin gidansa, kuma abin yana cin sa.

Ana nan sai aka kawo wani fim na yaƙi a silimar cikin gari. Tun kafin ya iso maigida ya cika mana kunne: wanda ya shirya shi babu kamarsa a ƙasar Turawa, jaridu sun yaba, manyan mutane sun yi kuka. Ya ja Kofur suka tafi wata Asabar. Washegari da safe ina dama koko ya fito tsakar gida ya fara ba da labari, da hannu da ƙafa. Ya kwanta a ƙasa ya nuna yadda sojoji ke jan ciki a cikin taɓo, ya tashi ya zama jirgin sama, har ya kusa kifar mini da tukunya.

"Wallahi kamar kana wurin," in ji shi. "Babu ƙari babu ragi. Dajin, ruwan, fuskokin mutanen, gaskiya ce tsagwaronta."

Kofur yana zaune a bakin ƙofarsa yana liƙe taya, ko kai bai ɗaga ba. "Ƙarya ne, oga akawu. Ruwan sama kawai shi ne gaskiya."

"Kai ba ka fahimci hikimar abin ba."

"Ni ya je wurin, kai ya karanta takarda. Wane ne bai fahimta?"

Ni dariya nake yi, ban lura Inna ta fito ba. Tana tsaye riƙe da buta, ta dubi ɗanta ta ce, "Ka ce fuskokin mutanen gaskiya ne?"

A nan ne na gane inda ta dosa. Lokacin yaƙi akan zo da majigi filin unguwa a nuna sojojinmu suna fareti, kuma wata maƙwabciyar Inna ta taɓa hango ɗanta a jikin farin ƙyallen, ta yi ta ihu har aka sake nuna mata wurin. A wurin Inna, majigi da silima abu ɗaya ne: hoton abin da ya faru. Ga shi kuma ɗanta mai ilimi ya rantse da Allah a kan cewa babu ƙari babu ragi.

Maigida ya shiga kame-kame. Ya ce ba haka yake nufi ba, 'yan wasa ne, biyansu aka yi, dajin ma wataƙila ba na Bama ba ne. Inna ta ce, "Ɗazu gaskiya ce, yanzu kuma wasa? Kai ka ce gaskiya, wancan ya ce ƙarya. To zan je in gani da idona. In yana ciki, ko ƙeyarsa aka nuna zan gane ta."

Haushi ya kama ni, kuma ba na Inna ba. Da muka shiga ɗaki na ce wa maigida bakinsa ya jawo, sai ya san yadda zai yi. Tsohuwa mai carbi a silima, wurin da 'yan iska ke busa sigari suna fito! Ban da abin da mutane za su ce, ni tsorona ɗaya ne: ta je ta zauna tana leƙen kowace fuska, ta dawo hannu wofi, abin ya ƙarasa ta. Ko kuma, wanda ya fi wannan muni, ta ga wani mai kama da shi ta ƙara shekara goma tana jira.

Babu irin lallashin da ba a yi ba. Inna in ta kafe, ta kafe. Asabar ta gaba bayan magariba ta yafa babban mayafinta, ta ɗauki carbi da 'yar tabarmarta, don ta ce ba za ta zauna a bencin da ba ta san wanda ya tashi a kai ba. Maigida ya yi gaba kansa a ƙasa. Kofur, wanda ya rantse ba zai sake kallon wannan shirme ba, ya rufe shagonsa ya bi su riƙe da laima, saboda silimar ba ta da rufi kuma damina ba ta ƙare ba. Matar Kofur ta zo ta taya ni zama, ita tana nata addu'ar ina tawa.

Da suka dawo kowa ya shige ɗakinsa, ni ma ban tambaya ba.

Da safe Inna ta fito ta zauna a tabarma, ta karɓi koko, ba ta sha ba. Mazan biyu kuwa, da yake shiru ya fi ƙarfinsu, suka koma kan gardamarsu. Wannan karon babu dariya a ciki. Kofur ya ajiye famfon keken da ke hannunsa ya ce abin da ke ƙona masa rai.

"Mu ne ya ɗauki kaya a kai, mu ne ya sare daji da adda, mu ne ya ɗauki Bature in ya ji ciwo. Tun farko har ƙarshe ka ga baƙin mutum ko ɗaya? Kamar mu ba mu je ba."

Maigida ya yarda da wannan, ya ce zalunci ne, kuma shi kansa bai lura ba sai da aka faɗa. Amma bai saki nasa ba. Ya ce duk finafinan yaƙin da ya gani jarumai ake nunawa, wannan ne kaɗai ya nuna soja yana rawar jiki don tsoro, yana kiran uwarsa. Ya ce a wurin ne ya fara tunanin wansa a matsayin yaro, ba soja ba. Sai Kofur ya ce, "To, wannan ma gaskiya ne. Ruwan sama da tsoro."

Sai Inna ta yi gyaran murya. Ta dubi ɗanta ta ce, "Ka yi gaskiya, wasa ne. Wanda suka ce ya mutu ina ganin cikinsa yana motsi." Ta juya kofin kokon a hannunta. "Ba ya ciki. Na duba kowa."

Na sunkuyar da kai, na ce a raina shi ke nan, abin da nake gudu ya zo. Ashe ba ta gama ba.

"Amma akwai wurin da suka tsaya," in ji ta, ta fuskanci Kofur. "Ana harbinsu, ruwa na dukansu, suka tsaya suka haƙa rami suka sa ɗan'uwansu, wani ya cire hula ya yi magana a kansa. Wannan fa? Yana cikin ƙaryar ko yana cikin gaskiyar? Kuma in gaskiya ne, Turawa kaɗai ake yi wa, ko har da namu?"

A lokacin ne na gane abin da ya hana ta karɓar gaisuwa duk shekarun nan. Ba mutuwar ce ta kasa ɗauka ba, ta binne miji ta binne 'ya'ya. Abin da ta kasa ɗauka shi ne a ce ɗanta yana yashe a wani daji, babu wanka babu salla, kamar mushe. Muddin ba ta yarda ya mutu ba, to ba a yar da shi ba.

Kofur ya taso da ɗingishinsa ya durƙusa a gefen tabarmar.

"Mama, ni ban san yaronka ba, ba zan yi maka ƙarya. Ba rundunarmu ɗaya ba. Amma in an kawo labari da sunansa, to wani ya riƙe shi, ya cire lambar soja a wuyansa. Wanda ya ɓace, ɓata ake cewa. Wanda aka ce ya mutu, hannu ya taɓa shi."

Ya ce kowace runduna tana da limaminta, yana tafe da su duk inda suka shiga. Ya ce shi da hannunsa ya haƙa wa Musulmi kabari, ba ɗaya ba, ba biyu ba, da adda da kwanon cin abinci, su kuma sun haƙa wa nasu Kiristoci. In babu likkafani, bargon mutum ne likkafaninsa. Har ya ba da labarin rigimar da aka yi farkon zuwansu: sojoji suka juya gawa tana kallon mafitar rana kamar yadda aka saba a gida, liman ya ce a'a, a wannan ƙasar an wuce Makka, alƙibla tana mafaɗar rana. Aka yi ta musu, sai da aka aro na'urar gane hanya ta wani hafsa aka tabbatar.

Inna ta ɗaga kai. "Mafaɗar rana?" Ta juya wurin ɗanta. "Haka ne?"

Maigida ya share fuska, ya ɗauki tsinke ya zana mata a ƙasa. Ga mu nan, ga Makka a tsakiya, ga Bama can gaba. Mu muna kallon gabas, su suna kallon yamma. Inna ta daɗe tana duban zanen. Ta sa yatsa a kan Bama, ta ja shi a hankali ya ratsa Makka, bai tsaya ba sai da ya iso inda aka ce mu ne.

"Ashe nan yake kallo," ta ce. "Ni kuma kullum in na tsaya salla, can nake kallo."

Ta yi kuka, irin wanda ban taɓa jin ta yi ba, mu ma muka taya ta, har matar Kofur da ta fito da tsintsiya a hannu. Da ta gama ta share ido da bakin mayafi, ta shanye kokon da ya riga ya huce, ta ce in auno gero in jiƙa, a kuma gaya wa mutanen unguwa gobe tana zaune.

Washegari gida ya cika. Wasu sun zo da mamaki, suna tambaya a ɓoye wa ya rasu, a ce musu wanda ya rasu tun lokacin yaƙi. Inna ta sa aka shimfiɗa wa Kofur tabarma a ƙofar gida kusa da ɗanta, cikin masu karɓar gaisuwa, ta ce duk wanda ya haƙa kabarin ɗan wani a can, ɗan gida ne. Ina kai gumba waje na ji su biyun suna magana ƙasa-ƙasa tsakanin baƙo da baƙo, ɗaya na cewa duk da haka fim ɗin gwaninta ne, ɗayan na cewa duk da haka ƙarya ne.

A ciki kuwa mata na shigowa ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa, suna cewa, "Inna, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa." Ita kuma tana zaune daram, tana duban kowacce a ido tana amsawa da ƙarfi, "Amin. Amin. Na gode."