Ranar Da Na Goge Sunan Malam Habibu Daga Na'ura

Shekara shida ke nan cif da muka kai Malam Habibu makwancinsa, amma wallahi sai watan jiya na san girman wanda muka binne.

Abokina ne tun muna jami'a. Tare muka yi aiki a wata ƙaramar cibiyar binciken damina a nan Nassarawa GRA. A ɗakin baya akwai kwamfutoci da aka haɗa suna aiki kamar guda ɗaya, shi ke ɗora musu manhajojin lissafi. Manhajar hasashen ruwan sama ba ta zuwa a shirye. Sai ka harhaɗa ta da hannu, wannan ta dogara da waccan, waccan kuma ta ce ita sai da tsohon samfurin wata. Habibu kan kwashe mako yana wannan fama, ya fito ya ce, "Ta hau," ya wuce masallaci.

Da ya rasu, aikin ya dawo hannuna. Akawun ɗinsa na na'ura kuwa, wato sunan da yake shiga da shi, na kasa rufewa, da na ga sunan sai in fasa. Watan jiya wurin ajiya ya cika, na yi ta maza, na yi masa addu'a, na goge akawun ɗin da duk abin da ke cikinsa.

Ko minti goma ba a yi ba Hadiza ta faɗo ofishina ba sallama. Ɗalibarmu ce, saura kwana tara ta kare digirinta na uku, kuma mai jarrabawa ya ce sai an sake gudanar da lissafin ya gani.

"Malam, komai ya tsaya! Na'ura ta ce ba ta ga manhajar ba."

Innalillahi! Na duba. Ashe a cikin foldarsa ta kansa Habibu ya gina komai, don kada gwajinsa ya ɓata wa mutane aiki, sannan ya ja wa kowa hanya zuwa can. Shekara shida duk lissafin cibiyar nan daga foldar mamaci yake fitowa, ni kuma ina ta yawo da sunan mai kula da na'ura.

Na ji haushinsa, ba zan ɓoye ba. Haba Habibu, ko 'yar takarda ba ka bari ba? Da yana nan ya ga yadda masu aikin yanzu ke ƙunshe manhaja da duk kayanta wuri guda, na san zai taɓe baki, daga baya ya koya a ɓoye ya fi kowa.

Kwana huɗu ina sake gini da sababbin samfura. Ta hau, amma alƙaluman suka ƙi dacewa da na kundin Hadiza. Ta zauna tana kallon allo, hawaye na zuba.

Rana ta shida na tono wani tsohon faifan ajiya a durowa, foldar na ciki. Na dawo da ita, manhajar ta ƙi tashi, don a ko'ina cikinta sunan akawun ɗinsa ne a rubuce. Dole na sake buɗe masa akawun da hannuna. Alƙaluman suka fito daidai, Hadiza ta ci.

Ban san ko in kira abin da ya bari gado ko sakaci ba, ina jin duka biyun ne. Allah ya jiƙanka, Habibu. Yau a jerin ma'aikatan na'urar nan, kai ne kaɗai ba za mu iya sallama ba.