Ranar da Na Sauke Surukina Daga Kujerar Direba

Ko na tsufa na manta inda na ajiye hulata, ba zan manta ranar da na mayar wa surukina motarsa a Fagam ba.

Ni malamin firamare ne a Birnin Kudu, amma tun ina yaro nake da jarabar ƙananan motocin nan da ake sayarwa gunduwa-gunduwa a kwali, mutum ya haɗa da kansa. In na tsinci tsohuwa a wurin 'yan gwangwan, sai na wanke ta, na liƙe, na yi mata fenti. Surukina kuwa tsohon direban gingimari ne, kuma da aka gaya masa abin da nake yi, cewa ya yi, "To, ashe yaro muka ba wa 'yar." Maganar ta dawo kunnena, ta kuma zauna mini a rai. Shekara bakwai da aurenmu, tsakanina da shi gaisuwa ce kawai: in durƙusa daga nesa, ya amsa, in tashi.

Wata rana matata ta dawo daga ganin gida da ƙunshi a tsohon zani. Da na kwance, sai ga ƙaramar gingimari, tsawonta bai kai kamu ɗaya ba. Ubangidan surukina a wurin aiki ne ya kawo masa ita tun yana saurayi, don irin wadda yake tuƙawa ce sak, shi kuma ya haɗa ta da hannunsa, ya sa kafinta ya yi mata bodin katako. Yanzu gara ta cinye bodin, taya biyu sun ɓace, fenti ya kwaile.

Matata ta ce, "Baba ya ce in mijin naki da gaske ya iya, ya tayar masa da ita. Ka san idonsa ya yi yana, da hannu zai duba."

Na san jarrabawa ce, kuma na yi rantsuwa sai na ci. Sati shida ina kanta. Na fere katako siriri kamar tsinken tsire na sake bodi, na yanko tayoyi daga tsohon silifa, na yi mata ɗan tsani na waya. Sai da na leƙa cikin kan motar na ga abin da ya ba ni dariya: sitiyari a dama yake. Na ce a raina, Allah sarki Baba, ƙuruciya ta sa ya liƙa shi a baibai. Matata ta ce in aika a tambaye shi. Ni kuwa ina zan iya? In aika wa suruki cewa ya yi kuskure? Sai na sa reza na ɓamɓare sitiyarin a hankali, na mayar da shi hagu yadda nake ganin kowace mota a titi, ina ta yaba wa kaina cewa na rufa wa tsoho asiri.

Ranar Asabar da hantsi muka isa Fagam. Baba yana kan tabarma a gindin durumin ƙofar gida tare da abokansa. A cikinsu akwai wani dattijo mai farin gemu, wanda shi ne yaron motarsa a da, har yau kuma ba sa rabuwa. Na durƙusa na miƙa motar da hannu biyu.

Baba ya shafa bodin, ya murza tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya bi tsanin da farce. Na ga murmushi ya fara fitowa, zuciyata ta yi fari tas. Sannan ya zura ɗan yatsa ta tagar dama, ya lalube, ya sake lalubewa. Murmushin ya ɗauke.

"Ina sitiyarina?"

Na ce, kaina a ƙasa, "Baba, yana hagu. Na ga kamar ya kauce ne, na gyara."

Sai dattijon nan mai farin gemu ya fashe da dariya har da buga cinya. "Alhamdu lillahi! Alhaji, hagu ai kujerata ce. Shekara arba'in ina jiran ka ba ni tuƙi ka hana, yau ga surukinka ya ba ni. Sauko, ka je ka tokare taya da waigi!"

Sauran abokan suka ɗauka da dariya. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Ashe kafin a canza hannun tuƙi a ƙasar nan, a dama sitiyarin motoci yake, kuma ni da nake koyar da yara ban taɓa sani ba.

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, me ya hana ka tambaye ni?"

"Kunya, Baba."

"Kunyar taka ta raba ni da aikina." Sannan ya bubbuga tabarma kusa da shi. "Zo nan. Kana tafe da rezar?"

Tana aljihuna, har da gam. Na hau tabarmar da ban taɓa takawa ba, gwiwata na gogar tasa. Ni ina yanka, shi yana riƙe da motar yana ba da umarni: matsar da shi kaɗan, kwantar da shi, haka yake in za a hau dutse da lodin gyaɗa. Kafin azahar na ji labarin hanyoyin da ya bi fiye da abin da matata ta ji a duk rayuwarta. Da gam ya kama, ya zura yatsa ta dama, ya taɓa sitiyarin, ya ce wa abokinsa, "Koma mazauninka." Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Hannunka yana da kyau. Bakinka ne ba ya aiki."

Wallahi ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Daga nan na gane cewa kunyar da za ta hana ka tambayar babba ba ladabi ba ce, domin a ƙarshe kai za ka yanke hukunci a kan abinsa ba da saninsa ba. Tsohon abu yana da dalilin da ya sa yake yadda yake, kuma in mai shi yana raye, shi za ka fara tambaya kafin ka ɗauki reza.