Na Kai Sirrin Yayana Gaban Aji

A lokacin ina shekara ta biyu a jami'a a Yamai, ina karatun ilimin halayyar ɗan'adam, kuma kaina ya kumbura ba kaɗan ba. Ni ce ta farko a gidanmu na Matameye da ta ci jarrabawar bak ta kammala sakandare. Ƙannena suna tsokanata da likitar mahaukata, ina hararar su, a raina kuwa daɗi nake ji.

Da na zo hutu na tarar yayana ya dawo daga cin rani a Najeriya ba yadda ya tafi ba. Mutumin da ke yawon sayar da agogo da tabarau, mai surutu kamar rediyo, ya daina fita ranar kasuwa, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai gumi ya karyo masa. Na yi ta lallaɓa shi da dabarun da aka koya mana har ya buɗe baki. Ya ce 'yan bindiga ne suka tare motarsu a hanya, aka harbe wanda ke zaune kusa da shi, tun ranar ba ya iya shiga mota sai ya runtse ido. Ya haɗa ni da Allah kada ko Inna ta ji, balle gidan yarinyar da aka sa musu rana.

Bayan na koma makaranta aka ba mu ekspoze, kowa ya gabatar da labarin wani mai damuwa a gaban aji. Malamin ya gargaɗe mu mu ɓoye duk abin da zai sa a gane mutum. Ni suna kawai na cire. Na bar garin, na bar sana'ar, har bikin da ke tafe na ambata don labarin ya yi armashi. Aka tafa mini. Ina komawa kujerata wata 'yar ajinmu, mutuniyar Dawce da ke kusa da garinmu, ta raɗa mini ko mai agogon nan ne da zai auri 'yar kawunta. Nan take na roƙe ta ta rufa mini asiri.

Ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba, amma hankalina bai kwanta ba. Waya ta yi ƙara gabana ya faɗi, abinci ya daina shiga, ina zaune a aji ba na jin abin da ake cewa. Na sha ɗaukar waya in gaya wa yayana da bakina, tsoro ya hana ni. Sai Inna ce ta kira ni tana kuka, wai iyayen yarinyar sun aiko suna tambaya ko gaskiya ne yana da taɓin hankali, tunda har a jami'a ana karatu a kansa. Aka ɗage biki zuwa bayan kaka. Kaka ta zo ta wuce, ba su sake tayar da maganar ba.

Yayana bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Yana amsa gaisuwata, iyakarta ke nan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ya ƙi zuwa ganin likita, ya ce ya riga ya gwada gaya wa mai ilimi.

Na gama karatu, amma sai yanzu na gane riƙon amana shi ne rabin wannan aiki. 'Yan'uwana ɗalibai, in mutum ya buɗe muku cikinsa, ba kayan neman maki ya ba ku ba. Garuruwanmu ƙanana ne, cire suna ba ya ɓoye kowa.