Ruwan Randar Inna Talatu

Inna Talatu maginiyar tukwane ce a Wudil. Da yumɓun bakin kogi ta ciyar da gidanta tun rasuwar mijinta. Da bokitin roba ya cika kasuwa, sa'o'inta duk suka watsar da ginin. Ita ma ta kusa bari, sai Isyaku, mai rakiyar baƙi daga Kano, ya fara kawo mata Turawa masu yawon buɗe ido.

A cikinsu akwai wata doguwar Baturiya, Madam suke ce mata, duk shekara sai ta zo. Ba ta taɓa ruwan roba. Moɗa take ɗauka ta kamfata daga randa ta sha, ta ce Isyaku ya gaya wa Inna roba ce ke kashe kogi. Har da hannunta take tsince leda a ƙofar gidan, yara na yi mata dariya.

Da maganar Madam Inna ta riƙe autarta Juwairiyya a sana'ar. Yarinyar zoɓo take so ta riƙa sayar wa ɗaliban jami'a.

"Inna, wa yake sayen tulu yanzu?"

"Waɗanda suka ƙera robar ma sun guje ta. Zauna ki cuɗa yumɓu."

Sai korona ta zo, baƙi suka ɗauke ƙafa. Tukwane suka taru har zaure, Inna ba ta fasa gini ba.

Ranar da Isyaku ya aiko cewa Madam na tafe, Inna ta turara sabuwar randa, ta sa Juwairiyya ta wanke moɗa. Mota ta tsaya. Madam ta fito da takunkumi a fuska da safar roba a hannu. Aka gaisa daga nesa. Inna ta ɗebo ruwa mai sanyi ta miƙa da hannu biyu.

Madam ta ja da baya.

Inna ta tsaya da moɗa a hannu. Tun da take, baƙo bai taɓa ƙin ruwanta ba.

"Isyaku, ba ta gane ni ba ne?"

"Ta gane ki, Inna. Cutar nan ta kashe mata ƙanwa. Yanzu abin da ba a rufe yake ba, ba ta sha."

"Allah Ya jiƙanta. To, kogin fa?"

Isyaku ya sosa ƙeya, bai fassara ba.

Madam da Turawan da suka zo tare suka ɗau hotuna. Kowa da robar ruwansa, ya shanye ya fasa sabuwa. Ba wanda ya taɓa ko kasko. Da za su tafi, Madam ta cire safar, ta duba wurin sawa ba ta gani ba, ta ajiye a gindin randa, kan tarin robobin. Ta ɗaga hannu ta shiga mota.

Inna ta daɗe tana kallon tarin. Can sai ta ga Juwairiyya ta durƙusa tana tsince robobin tana zubawa a buhu.

"Allah Ya yi miki albarka. Ki ƙone su a bayan gida."

"In ƙone, Inna? Sababbi ne dal, har da murfinsu. Zoɓo zan ɗura."

Inna ta buɗe baki, ta rasa maganar wa za ta kafa hujja da ita. Washegari ita kaɗai ta tafi ɗiban yumɓu.