Tulun da Ya Fashe a Majigi

A shekarun da kuɗin fetur suka fara shigowa, motar majigi takan zo mana Roni da kaka. Maza ke zama gaban farin ƙyallen, mu 'yan mata kuwa bayansa ake kora mu. Daga can hoton a juye muke ganinsa, amma muna hango fuskokin mazan sarai.

Ran nan aka nuna labarin wani saurayi mai tashen balaga. Don ya burge abokansa, ya fizge ɗankwalin wata yarinya a hanyar rijiya, tulunta ya faɗi ya tarwatse. Mai fassara ya ɗaga lasifika ya ce, "Yaro ya girma!" Fili ya kaure da tafi. Na leƙa, sai ga yayana, mai raka ni rijiya kullum, yana dariya har da riƙe ciki. Har yau abin yana ci mini rai.

Aka bi saurayin nan har ya zama soja. Ita kuwa ba a sake nuno ta ba, ko sunanta ba mu ji ba.

A hanyar gida na ce, "Yaya, yanzu me za ta gaya wa innarta?"

Ya juyo ya ce, "Wa?"